Zauren Tsohon Malamin Gona: Yawon Babur Cikin Damina

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan babur da damina suke. Na tsamo huɗu. Wanda ya tambayi maganin tsutsar da ke cin masara ya yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, tambayarsa ta fi ƙarfin ɗan filin da ya rage.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin firamare ne a nan cikin Katsina. Bara na ɗauki adashi na sayi Boxer, amma tun da na saya daga gida sai makaranta sai kasuwa. Yanzu ga dogon hutu ya zo a watan Agusta, raina yana so in hau in tafi Daura a hankali, ba don wata hidima ba, don dai in ga gonaki in sha iska. Abokaina sai dariya suke yi mini, wai marar aikin yi ne ke ƙona mai a wannan tsada. Hajiyata kuma ta ce damina ba lokacin tafiya ba ce. Wa ke da gaskiya? In kuma zan tafi, yaya zan yi?
Malamin makaranta, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya albarka a abin hawan. Bari in fara raba gardamar. Abokanka ba su yi ƙarya ba, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai murɗa totur bai tuna da aljihunsa ba. Amma ka zaunar da su ku yi lissafi. Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ce. Tankin Boxer lita 11 yake ci, kuma in injinka lafiya lau yake, zuwa da dawowa har da ratse-ratsen da za ka yi ba za su shanye tankin nan ba. Cikin masu dariyar ba za a rasa wanda abin da yake zuba wa wayarsa a wata ya fi haka ba.

Maganar Hajiya ita ce abar dubawa. Mutanen da ba haka kawai suka ƙi tafiyar damina ba: rafuka sun kawo, hanya ta ɓaci, kuma kowane hannu ana nemansa a gona. Fatake ma sai kaka ta yi suke ɗaura kaya. Kada ka ɗaga ƙafa sai ta sa maka albarka. Ka zauna ka gaya mata inda za ka, inda za ka kwana, da ranar da za ka dawo. Yawancin iyayenmu mata ba tafiyar suke ƙi ba, rashin sanin inda ɗa yake ne ke hana su barci. In ta amince, to ni ina bayanka. Ku 'yan birni kun san ƙasar nan ne da rani, fara fat, sai ƙura da tushiyar kara. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin malamin gona tsakanin Mashi da Dutsi da ƙasar Daura, babur ne ofishina, kuma har gobe in Agusta ya kama ƙafata ƙaiƙayi take yi.

Sai dai ka cire sauri daga ranka tun daga ƙofar gida. Direban haya yana cinye hanyar nan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, in ka tambaye shi abin da ya gani sai ya ce maka ramuka da awaki. Kai ka ba ta kwana biyu, in za ka haɗa da kasuwar Mai'aduwa ka ba ta uku. Ka fita bayan sallar asuba da gari ya ɗan yi haske. Gabas za ka fuskanta, rana za ta tsaya maka a ido har hantsi, saboda haka ka nemi hular kwano mai gilashi. Ko ba don rana ba, ƙwarin damina in suka faɗa maka a ido kana gudu sai ka raina kanka. Hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma ko cikin dare, wato kai da shi gaba da gaba za ku yi. Dokata ta shekara da shekaru ita ce, la'asar ta same ni a inda zan kwana. In ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗo ƙura, kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba. Ka shiga na kusa, ka nemi masallaci ko rumfar mai shayi. Kada ka fake gindin itace, tsawa ba ta da sabo.

Kafin ranar ka kai babur wurin bakanike ya juye baƙin mai, ya ɗaure kaca ya sa mata mai, ya duba birki gaba da baya. In tayar baya ta suɗe ka canza ta, tayar da ta yi sanƙo ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta. A jaka ka sa fulogi sabo da abin kwance shi, tub ɗaya, ɗan famfo, rigar ruwa, da leda mai kauri ta waya da takardu. Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, mai kwan zabi a bakin hanya ba ta san tiransifa ba. Gidan sauro kuma kada ka bar shi, wannan ne lokacin da zazzaɓi ke kwantar da gida guda.

To me za ka gani? Da ka bar hayaniyar Katsina za ka ga ƙasa ta rufe ruf, gero ya kai kafaɗa wani ya wuce kai, ya yi ciki yana fitar da kai, wake da gyaɗa sun shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Dawa tana baya, ita ba ta gaggawa, sai ruwa ya ɗauke take nuna kanta. Ka riƙa tsayawa kana kashe inji. Da inji a kunne ba za ka ji komai ba, amma da ka kashe za ka ji kwaɗi a kududdufi, da yaro yana yi wa shanun huɗa tsawa, da ƙarar gwangwanin da aka rataya don korar tsuntsaye.

Ga wani abu da nake so ka duba da idonka, tunda malami ne kai ka kai wa yaranka labari. A tsakiyar wannan koren za ka ga wani itace tsirara, ba ganye ko ɗaya, kamar ya mutu. Gawo ke nan. Shi kaɗai ne ke yin abinsa a juye: da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Ka ajiye babur ka taka zuwa gindinsa, ka gwada tsawon geron da ke nan da na nesa da shi. Za ka tarar na gindin gawo ya fi tsawo, ya fi duhun ganye. Ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa sun bar nasu takin, ga shi kuma bai tare wa shuka rana ba. Shekarun da na yi ina yi wa manoma wa'azin takin zamani, tsofaffinsu saurarona kawai suke yi don kunya, su dai ba za su sare gawo ba. Su ne da gaskiya.

In tarihi yana burge ka, ka ware rabin yini ka ratsa ƙasar Mani ka ga Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan sarakunan farko na Katsina suke. Tun 1907 aka fara haƙa a wurin. Kada ka sa ran ganin wani gini, tuddai ne, kuma sai ɗan gari ya raka ka za ka gane abin da kake kallo.

Daɗin tafiyar yana kan ƙananan hanyoyi, ba kan kwalta ba, amma a nan ne kuma babur ke kunyata mai shi. Hanyar rairayi washegarin ruwa ta fi kowace daɗi, don yashi ya kwanta ya yi tauri. Wadda da rani za ta sa ka sauka ka tura, yanzu sai ka bi ta kamar tabarma. Mugun wuri shi ne laka ta fadama da jan burjin da ya jiƙe. A nan ka sa giya ta biyu, ka sassauta hannu, ka manta da birkin gaba, ka sauke ƙafafu in ta kama. Burtali kuma na shanu ne, in kun haɗu da garke ka tsaya ka kashe inji su wuce. Kada ka yi musu oda, in suka firgita suka faɗa gonar mutane kai ka jawo rigimar da ba za ka iya kashewa ba.

Ruwa mai gudu kuwa, ɗana, kada ka shiga. Ni na shiga, shi ya sa nake gaya maka. Wata shekara cikin malka ina dawowa daga wani ƙauye a arewacin Mashi, na iso wata ƙorama da na ƙetare da safe ba ko ɗigon ruwa, yashi ne zalla. Da yamma na tarar da ita ta cika tana tafiya ja wur, alhali inda na yini ko yayyafi ba a yi ba, can sama aka sheƙa shi. A bakin gaɓa ga wani dattijo zaune kan buhu, jakinsa na kiwo a gefe. Ya dube ni ya ce, "Malam, dakata ya wuce, baƙo ne." Ni kuwa lokacin jini na tafasa, ga rahoton da zan kai ofis da safe. Na naɗe ƙafar wando na shiga. Ban kai tsakiya ba ruwa ya haye salansa, inji ya yi tari sau biyu ya mutu, yashin da ke ƙarƙashin taya ya fara zamewa. Ina riƙe da kan babur ruwa na jan gindinsa, sai da samari biyu suka faɗo suka kama muka fito da shi da kyar. Littafin da na yi wata uku ina rubuta sunayen manoma da yawan irin da aka ba su, ina kallo ya bi ruwa. Dattijon nan bai ce mini ko kala ba, ya dai matsa ya ba ni gefen buhu. A zauren mai gari na kwana, da aron riga, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da ban taɓa cin mai daɗinsa ba, ko don yunwa da kunya ne oho. Da asuba ƙoramar ko idon sawu ba ta kai ba. Da bakanike ya kwance inji, baƙin mai ya fito fari kamar kunun kanwa. In tsautsayi ya sa injinka ya sha ruwa, kada ka buga kik. Ka cire fulogi a fitar da ruwan, a juye man, sannan a tayar.

Saura abin da ya fi duk waɗannan. A zamaninmu in babur ya shiga ƙauye yara ne ke biyo shi da gudu suna murna. Yanzu ƙarar babur ɗin da ba a sani ba tana sa uwa ta janye ɗanta cikin gida, kuma ba laifinsu ba ne, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi da babura a jihar nan. Saboda haka in za ka shiga gari ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya inda dattawa suke, ka kashe inji, ka cire hular kwano su ga fuskarka, ka yi sallama. Ka ce sannunku da aiki, yaya ruwa, za su ce ruwa ya yi gyara. Ka faɗi sunanka da unguwarku da makarantar da kake koyarwa. In za ka daɗe ko za ka kwana, ka nemi a kai ka wurin mai gari. Kada ka ce musu yawon shan iska ka zo, ba za su gane ba, za su ɗauka da wata a ƙasa. Ka ce ka zo ganin yadda damina ta yi a wajensu. Wannan tambaya ce da manomi zai yini yana amsa ta, kuma kafin ya gama an kawo maka fura.

In ka isa Daura ta Abdu tushen Hausa, rijiyar Kusugu tana nan cikin gari an kewaye ta da gini, za a ba ka labarin Bayajidda da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, a kuma ba ka ruwan ka sha. Kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci, ta dabbobi ce da ake ji da ita, har daga Nijar ake kawo kaya. Wajen nan bakin iyaka ne, Kongolam na kusa, akwai shingayen jami'ai, don haka takardun babur da katin ɗan ƙasa su kasance a jikinka. Ranar dawowa ka taso da safe, in ka bari sai yamma rana za ta sake tsaya maka a ido.

TAMBAYA: Baba, maigidana yana so ya kai ni ganin gida wani ƙauye a ƙasar Ɓaure a kan babur, da ni da goyo da yaronmu ɗan shekara huɗu. Ya ce kuɗin mota ya yi yawa. Ni dai gabana yana faɗuwa.
Wata uwargida, Daura

AMSA: 'Yata, faɗuwar gaban nan taki tana da hujja. Na san haka ake yi ko'ina, yaro a kan tanki, uwa da goyo a baya, buhu a kariya, kuma yawanci Allah yana tsarewa. Amma mutum huɗu a babur ɗaya kan hanyar damina, in taya ta zame maigida ba shi da yadda zai yi, kuma wanda ke kan tanki shi ke fara isa ƙasa. Shawarata, babban yaron a bar shi wurin kakarsa ko ya bi wani a mota. In kuɗin mutum ɗaya zai samu, ke da goyon ku shiga motar, maigida ya biyo ku da kaya. Ki faɗa masa da lalama, ba a gaban mutane ba, maza ba sa son a nuna kamar ba su iya tuƙi ba.

In kuma babu makawa sai babur ɗin, to ki kula da abu guda da ya fi kayar da mata: hijabi da bakin zane. Kafin ya tayar ki tattare su gaba ɗaya ki danne a cinyarki, kada ki bar ko tafin hannu yana reto wajen kaca da tayar baya. Na taɓa ganin wadda taya ta naɗe wa hijabi a gabana, kafin mijin ya ankara tana ƙasa, Allah ya taimaka a hankali yake tafiya. Ku fita da safe, kuma kan jaririn ya kasance a rufe.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Katsina ne amma a Kaduna nake aiki. Ina so in na zo hutu in zagaya ta Batsari da Safana a babur, inda na yi yarinta. Ya kake gani?
Ma'aikaci, Kaduna

AMSA: Malam, a'a. Na san ƙasar, na san kyanta da damina, amma yankin da ya jingina da dajin Rugu ba wurin yawon nishaɗi ba ne a shekarun nan. Ka tuna a 2021 sai da gwamnatin jiha ta rufe wasu hanyoyi, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, duk saboda matsalar 'yan bindiga. Da damina kuma shuka ta yi tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin. In zumunci ne ya kama dole, ka kira 'yan'uwanka na can su faɗa maka ranar da za ka zo da motar da za ka shiga, ka bi abin da suka ce ko da ya saɓa wa son ranka. Ko mai zuwa gabas ɗin ma ban ɗauke masa tambaya ba: kafin ya bar kowane gari ya tsaya tasha ya ji ta bakin direbobi da 'yan kabu-kabu, su ke da labarin safiyar ranar.

TAMBAYA: Baba, in mutum yana wucewa ya ga masara ta nuna a bakin hanya, laifi ne ya karya ɗaya ko biyu? Hoto fa, zan iya ɗauka in sa a Facebook?
Ɗalibi, Katsina

AMSA: Laifi ne, ɗana. Ta bakin hanya ita kowa ke karya, shi ya sa mai gonar ya fi jin zafinta. Hoton gona da itatuwa ba komai, amma mutum sai da izninsa, matan aure kuwa ka bar wayarka a aljihu. Abin da ban gane ba shi ne me zai sa ka ɗauki abin da in ka yi sallama za a ba ka ninkinsa. Bara waccan, farkon Satumba, na tsaya gyara kaca kusa da Shargalle, wani manomi da ɗansa suna gindin bedi sun hura wuta da kara. Sallama kawai na yi. Ya shiga gona ya karyo kan gero uku da suka fara nuna, ya babbaka su a wuta, ya murje a tafin hannunsa ya hure ƙaiƙayin, ya zuba mini tumu mai zafi a hannu. Na ci har na ƙoshi, ya ƙara mini biyar a leda na kai wa jikoki. Da na sa hannu a aljihu sai ya ɓata rai, ya ce in ina son biya in dawo ranar girbi da lauje.